Malam Ikrima, Na Sa Hannu

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, 12 ga Agusta, 2025, bayan sallar azahar, Allah Ya karɓi ran abokin aikina, Kansila Malam Ikrima Ɗanbala, a asibiti a Birnin Kudu, bayan jinyar mako uku.

Malam, tare aka rantsar da mu, kai da mazaɓarka, ni da tawa. Ba mu daɗe ba muka gane yadda ake yi: shugaban ƙaramar hukuma da 'yan majalisar zartarwarsa su gama magana a tsakaninsu, sannan a biyo mu gida da rajistar zama mu sa hannu, a rubuta cewa mun hallara mun amince. Duk muka saba. Kai kaɗai ka ƙi. Kowace ranar zama sai ka hau tsohon babur ɗinka, ko ana ruwa, ka zo ka karkaɗe kujerarka ka zauna, wani lokaci daga kai sai fanka. Muna ce maka mai gadin zauren majalisa, kana dariya. Ranar da matata Hapsatu ta fara naƙuda ba na gari, kai ka nemo mota, ka tsaya har ta sauka lafiya, kuma ba ka taɓa tada zancen ba.

Abu ɗaya ya hana ka sukuni: burtalin da shanun rugagen mazaɓarka ke bi zuwa mashaya, wanda ake son yankawa a raba gonaki. Sau biyu kana tilasta a yi zama na gaske, sau biyu ana ɗage maganar saboda kai.

Da na je duba ka, ka riƙe hannuna ka ce, "Malam Zulkifli, in an kawo zancen burtali, ka je da ƙafarka ka ce a'a. Idan aka toshe shi, jini za a zubar da kaka."

Na ce to. Ranar da aka kawo zancen, ban je ba. Aka kawo mini rajista har zauren gidana, na ga hannun kowa, na ƙara nawa. Da ka tambaye ni, na ce maka an sake ɗagewa, ka ce alhamdulillahi, ka rufe ido ka yi barci.

Jiya, a hanyarmu ta dawowa daga zaman makokinka ta titin Gwaram, na ga an kafa turakun iyaka a tsakiyar burtalin. Ban san wanda zai cire su ba. Mu da muka rage, na san mu, ba za mu iya ba.

Allah Ya jiƙanka, Ya haskaka kabarinka, Ya sa Aljanna ce makomarka. Allah Ya ba matarka Hajiya Ummussalma, da 'yarka Na'ima da ƙannenta, da mutanen mazaɓarka haƙurin wannan rashi. Ni kuma ku roƙa mini gafara, domin wanda ya kamata in nemi yafiyarsa ya tafi yana zaton na cika masa alkawari.