Mako Biyar Ina Jiran Sabon SSD

Ban taɓa mantawa da ranar Juma'ar da aka rufe rajistar jarrabawar 'yan aji uku ba, a shekarata ta huɗu ina koyar da kwamfuta a makarantarmu ta unguwar Maamobi. Ku malaman da kuka zo daga baya kun tarar da injuna masu sauri. A lokacin, kwamfuta ɗaya tak muke da ita a ofis, kuma ni ce mai kula da ita.

Ga yadda rajistar take. Hukumar jarrabawa tana ba kowace makaranta manhaja da lambar buɗewa. Da zarar an sa lambar a inji ɗaya, ta zauna ke nan, ba ta aiki a wani. A cikin manhajar ake shigar da sunan kowane yaro, da hotonsa, da makin da ya tara a shekara uku, sannan a tura gaba ɗaya ta intanet kafin ranar rufewa. Wanda sunansa bai shiga ba sai baɗi. In injin ya mutu, sai an rubuta wa ofishin ilimi neman sabuwar lamba, wannan kuwa yakan ci kwanaki. Yaranmu arba'in da uku ne a shekarar.

Faifan ajiyar kwamfutar tsoho ne, irin mai juyawa a ciki da allura. Ya soma nauyi, sai na gaya wa shugaban makaranta, Malam Tanko, wanda duk muke kira Masta. Saura mako biyar a rufe rajista ya amince in sayo SSD, wato faifan da babu abin da ke motsi a cikinsa. Dabarar ita ce a kwafe tsohon ɗungurungum zuwa sabon, manhaja da lamba da komai, injin ya ci gaba kamar ba a taɓa shi ba.

Na hau motar haya ta trotro zuwa kasuwar Circle, shagon Alhaji Issaka, mutumin unguwar Nima da muka saba sayen kaya a wurinsa. Ya ɗauko mini SSD na yau da kullum, mai faɗi kamar tafin hannu. Har na karɓa, sai ya ce, "Madam, in da kin yi haƙuri kaɗan, akwai sabo yana hanya. Wannan da kike riƙe ɗan wasa ne a gabanshi. Yana gudu paa, kamar walƙiya. Sati biyu ya sauka."

Na ajiye na hannuna. Na koma gida ina kallon bidiyon masu gwada shi a waya. Suna danna maɓalli, kafin mutum ya gyara zama injin ya tashi. Na haddace lambobin gudunsa kamar karatun allo, har ina faɗa wa malamai a ɗakin hutu. Gaskiya ba don yara na so shi ba. So nake a ce kwamfutar Malama Zuwera ta fi ta kowace makaranta a unguwa.

Sati biyu ya wuce. Na kira Alhaji Issaka, ya ce kaya na kan ruwa. Mako na uku ya ce sun iso tashar jirgin ruwa ta Tema, ba a fitar da kwantena ba. Masta ya tsayar da ni a baranda.

"Malama Zuwera, ina abin da muka ce a sayo?"

"Yana hanya, Masta. Mai kyau nake jira."

"Wanda ke kasuwa ba shi da kyau ne?"

"Yana da kyau, amma wannan ya fi."

Ya dube ni ta saman tabarau, ya ce, "Ke kika san aikinki."

A mako na huɗu faifan ya soma ƙara, ƙas, ƙas, kamar ana taɓa kwano da cokali. Na daina kashe injin, ina tsoron kada ya ƙi tashi. Ran Laraba ta ƙarshe aka ɗauke wuta, da ta dawo sai da ya yi kusan minti arba'in kafin ya buɗe. Ran Alhamis malamai suka gama kawo maki, na shigar, na danna turawa. Ya kai rabi ya sandare. Na sake, ya sake sandarewa. Ina zaune hannu a kai, wajen la'asar, Alhaji Issaka ya kira ya ce kaya sun iso shago.

Ƙarfe biyar na yammacin Juma'a za a rufe. Da sassafe na tafi Circle. Kwalin ƙarami ne ƙwarai, ban ko buɗe ba, na jefa a jaka na juyo. Goma da rabi ina ofis. Na kwance murfin kwamfutar, na yage kwalin, sai ga wani ɗan siririn abu, tsawonsa bai wuce ɗan yatsa ba. Na duba cikin injin sama da ƙasa, na haska da fitilar waya. Babu ramin da zai shiga. Injinmu ya girmi irin wannan faifan. Mako biyar ina karanta gudunsa, ban taɓa buɗe murfin na ga ko muna da wurin sa shi ba.

Na kira Alhaji Issaka na gaya masa. Ya ce, "Innalillahi. Ni ma ban tambaye ki wane inji ba ne."

"Alhaji, a aiko mini da wancan na farko."

"Ya ƙare, Madam. Tun shekaranjiya. Bari in zaga."

Bayan rabin awa ya kira. Maƙwabtansa biyu suna da shi, amma ƙanana ne, ba za su ɗauki abin da ke cikin namu ba. Ya ce in kashe injin, kada in ƙara taɓa shi, zai zo bayan masallaci.

Na shiga wurin Masta na gaya masa komai, ban rage ba. Bai ɗaga murya ba. Ya tambaye ni ko akwai wata hanya in wannan ta ƙi, na ce babu. Ya ce, "To." Ya jawo takarda ya soma rubutu, ni kuwa na fito. An tashi yara tun sha biyu, makaranta ta yi tsit. Na zauna gaban buɗaɗɗen inji ina kallon agogo.

Biyu da kwata na ji okada, wato babur ɗin haya, ya tsaya a ƙofa. Alhaji Issaka ne, da rigar Juma'arsa, ya rungumo jaka. Ya ciro SSD mai faɗi, duk ya koɗe. Na kwamfutar shagonsa ne. Ya kwashe abin da zai iya kwashewa kafin salla, ya goge sauran.

Muka haɗa faifan biyu, aka soma kwafa. Layin da ke nuna ci gaba ya yi ta tafiya a hankali har ya wuce rabi, sai ya tsaya cak. Tsohon faifan yana ta ƙas, ƙas. Minti goma bai motsa ba.

"Akwai wurin da ya lalace," in ji Alhaji. "Ko mu jira shi, ko mu ce ya tsallake. In ya tsallake, abin da ke wurin ya tafi. Ban san mene ne a wurin ba. Ke za ki faɗa."

Uku da rabi ta wuce. Na ce ya tsallake.

Huɗu da 'yan mintoci aka gama. Muka cire tsohon, muka tayar da injin. Manhajar ta buɗe, lambar na nan. Na bi sunaye ɗaya bayan ɗaya ina ƙirgawa a fili. Arba'in da uku, maki cif. Amma hoton wata yarinya, Adiza Yakubu, ya zama toka-toka, kuma manhajar ba ta tura rajista in hoto ɗaya ya ɓace. Wayar uwarta a kashe.

Masta ya ce, "Na san gidansu." Mutumin da ya haura sittin, da ciwon gwiwa, ya hau bayan okadan da ya kawo Alhaji, suka kutsa lungunan Nima. Huɗu da rabi suka dawo da ita, da kumfar wanki a hannunta. Na tsayar da ita jikin farin bango na ɗauke ta da waya. Saura kwata biyar ta cika, takardar shaidar karɓa ta fito a allo. Na zauna a ƙasa.

Ran Litinin na je ba Masta haƙuri. Takardar da ya rubuta ran Juma'a na kan tebur, ya miƙo mini ya ce in yaga. Na karanta tukuna. Wasiƙa ce zuwa ga iyayen yara, wadda za a aika in an rasa rajistar. Ya rubuta cewa sakacinsa ne shi kaɗai a matsayinsa na shugaba. Sunana bai fito ko sau ɗaya ba.

Abin da na koya a aikin nan shi ne, kafin ku sayi komai ku buɗe injin ku duba cikinsa, kuma in aikin mutane na jira, ku ɗauki abin da ke kasuwa yau. Sabo zai fito ko kuna jira ko ba kwa jira. Sauran darasin kuwa ba na kwamfuta ba ne. Yau ni ke sa hannu a kan aikin wasunku, kuma duk ranar da ɗayanku ya yi kuskure ya shigo ya faɗa mini da bakinsa, sunana ne zai hau takardar.