Allurar Inna Sabuwa Mai Tuwo

Shekara ashirin da shida Inna Sabuwa ta yi tana tuƙa tuwo a kasuwar Goronyo, rumfa guda, dab da inda ake loda buhunan albasa. 'Yar Magarya ce ta ƙasar Wurno. Aure ya kawo ta Goronyo, da mijin ya rasu ta ci gaba da zama. Ba ta taɓa auna gishiri ba. Sai dai ta ɗiga miya a tafin hannu ta lasa, ta ce a ƙara ko a sauke.

Ƙiba ta hau ta a hankali, har ta kai ba ta iya tashi daga kujera sai ta dafa bango. Gwiwoyi suka ƙi, salla ta koma a zaune, ga ciwon suga. Ɗanta da ke aiki a Sakkwato ne ya kai ta wurin wata likita, Dokta Nafisa, wadda ta ɗora ta kan allurar rage ƙiba. Aba ce kamar biro, ana murɗa gindinta zuwa lambar da aka ce, a soka a fatar ciki sau ɗaya a mako.

"Inna, da ƙaramar lamba za mu fara," in ji likitar. "Kada ki ƙara da kanki. Za ki ji tashin zuciya. Ki riƙa ci kaɗan-kaɗan, ki rage maiƙo, ki yawaita ruwa. Ranar da abinci ya ƙi ciwuwa, ki kira ni kafin ki sha ƙwayar suga. In kuma amai ya ƙi tsayawa, ko ciwon ciki mai tsanani ya ratsa har baya, asibiti kai tsaye."

Abin da likitar ba ta lissafa ba shi ne sana'ar. Mai tashin zuciya ce zaune gaban tukunyar man ja tun safe. Ƙamshin daddawa da ta girma a cikinsa ya koma mata abin gudu, gyatsa kuma kamar ruɓaɓɓen ƙwai. Rannan ta lasa miya, sai da ta ruga bayan rumfa. Dole ta kira ƙanwarta Tani daga Magarya ta zo ta karɓi ɗanɗano. Ita ta koma bakin rumfa inda iska ke bugawa, tana tsotsar citta, tana ba da umarni daga nesa. Ta koyi cin loma biyar ta tsame hannu. Ta koyi cin zogale da wake da ɓawonsa saboda bayan gida da ya riƙa ɗaurewa.

Wata biyu, zani ya fara yi mata yawa. Sai kuma sikelin mai kemis ya tsaya cak, mako uku lamba ɗaya. A lokacin ne wata mai sayen tuwo ta ce mata 'yar'uwarta ta birni babbar lamba take yi, ga ta nan ta zube. Inna Sabuwa ba ta gaya wa kowa ba. Da ranar allura ta zo, ta murɗa biron har ƙarshe.

Washegari ba abin da ya zauna a cikinta, ko kunu. Ƙwayar suga kuwa ta sha ta kamar kullum, don kiran likita na nufin ta faɗi abin da ta aikata. Kwana na biyu ya faɗo ranar kasuwa, cikin zafin bazara. Tani ta ce ta zauna gida, ta ƙi.

Wajen azahar Tani ta juyo don ta tambaye ta ko a sake ɗora ruwan tuwo, sai ta ga ta jingina da ginshiƙin rumfa, gumi na tsiyaya, hannu na rawa.

"Yaya! Mi ya same ki?"

Inna Sabuwa ta dube ta kamar ba ta san ta ba. Bakinta ya motsa, maganar ba ta haɗu ba.

Tani ta zaro wayar daga ƙugun yayarta ta nemo lambar likita. Wayar ta yi ta ƙara ba a ɗauka ba. Ta sake kira. A na uku Dokta Nafisa ta amsa, Tani ta faɗa mata halin da ake ciki.

"Tana iya haɗiya?"

"Ban sani ba, Likita!"

"Gwada ta da cokali guda na ruwan sukari. In ta haɗiye, ki ci gaba. In ba ta haɗiye ba, kada ki ɗura mata komai. Ku kai ta asibiti mafi kusa yanzu. Yaushe rabon ta da fitsari?"

Tani ta ajiye wayar. Ta dama sukari a kofi. Cokali na farko ya zubo ta gefen baki. Na biyu, maƙogwaro ya motsa.

Malam Mode, direban da ya shekara goma yana cin tuwon Inna Sabuwa, ya bar lodinsa rabi ya kawo mota. Mutum huɗu suka ɗaga ta. Hanya ta cushe da amalanke da tumaki, Mode ya danne ham, ya leƙo ta taga yana ihu a ba shi wuri. A baya Tani na riƙe da kan yayarta, tana ɗiga mata ruwan sukari, tana kiran sunanta.

"Tani," ta ce can ƙasa-ƙasa, "ni na ƙara allurar. Hwaɗa musu."

A asibiti aka auna, suga ya faɗi ƙasa sosai, jiki ya bushe. Aka sa mata ƙarin ruwa. Da ta farfaɗo ta ce cikinta na murɗa, sai aka tura ta Sakkwato gwajin jini. Awa huɗu suka yi kan benci suna jiran sakamako. Ɗanta ya kasa zama, sai kai da kawo yake yi.

Dokta Nafisa ta fito da takarda. Ƙoda ta wahala saboda rashin ruwa, amma za ta dawo. Kumburin cikin da aka ji tsoro babu shi.

"Inna, da kin kira ni tun shekaranjiya, da faɗa kawai za ki sha."

"Kunya na ji, ɗiyata."

"To, a daina jin kunyata."

Kwana uku ta yi a kwance. Aka dakatar da allurar wata guda, aka canja mata ƙwayar suga, sannan aka koma ƙaramar lamba. Tashin zuciyar bai tafi duka ba. Washegarin allura har yanzu ba ta zuwa kasuwa, tana gida da butar ruwa a gefe. Tani ta kwaso kayanta daga Magarya ta tare gaba ɗaya, ita ke murɗa biron, yayar na kallo.

Da damina ta faɗi, Inna Sabuwa ta ce a kai ta Rabah ta gaida wata goggonsu da ta kwana biyu ba lafiya. Motar ta sauke su a bakin titi, gidan da ɗan nisa. Tani ta ɗaga hannu za ta tsai da mai babur.

"Bar shi," in ji Inna Sabuwa. "Mu taka. In na gaji mu zauna."

Sau biyu suka zauna kafin su isa.