Tukuicin Jirgi Maras Matuƙi

Babura

Ƙarfe biyar da rabi, bayan sallar asuba, na tayar da babur daga ƙofar gidana. Shekara goma sha tara ina kai saƙon mutane tsakanin garuruwan nan, bayana ya gaji. Ranar wani kamfani ne ya ɗauke ni aikin yini ɗaya. Za su gwada jirgi maras matuƙi mai kai kaya, ni kuma in riga shi isa, in shimfiɗa jan tamfol inda zai sauke. In gwajin ya yi kyau, sana'ata ta mutu. Na sani sarai, kuma na je.

A shinge kafin Kazaure ɗan sanda ya leƙa bayana. "Haladu, yau ba kaya?"

"Yallaɓai, yau kayan ta sama za su bi."

Kazaure

Bakwai saura kwata na isa, na sha shayi da burodi a tasha. Mai kula da gwajin, Injiniya Maryam, ta ɗaga jirgin ta nuna mini abin da yake gani a allonta. Duwatsun Kazaure sun zama kamar curin ƙasa, ruwan dam yana walƙiya, shanu kamar an watsa farin wake. Hanyar da ta cinye mini ƙarfi ashe zare ce.

"Baba, wata rana har mutum zai ɗauka," in ji ta.

Na zuba wa allon ido. Ni a lokacin, a zuci, ina can sama zaune, ƙafafuna na lilo, ba rami, ba ƙura, ba wanda ke jirana.

Roni

Tara saura minti goma na shimfiɗa tamfol bayan asibiti, na buga wa Injiniya waya. Ban gama goge zufa ba na ji ƙara kamar taron zuma. Jirgin ya tsaya cak a sama, ya zuro kwalin magani da igiya, ya juya. Tafiyar da na yi a minti hamsin, shi ko kwata bai cika ba. Na naɗe tamfol na kama hanya.

Gwiwa

Sha biyun rana na isa wani ƙauye gaba da Gwiwa kaɗan, gero ya kai kafaɗa. Saƙon na Iya Dije ne daga 'yarta Rabi da ke aure a Kazaure, atamfa da sabulu. A da ni nake kawo mata. Da Iya ta ji baƙo na tafe, sai ta fito da ruwa a kwanon sha da ƙwan zabi goma a ƙwarya.

Jirgin ya zo, ya zuro, ya wuce. Iya ta bi shi da ido har ya zama ɗigo.

"Haladu, ya tafi? Ko ruwa bai sha ba?"

"Iya, ƙarfe ne."

"To wa zan ba tukuici? Wa zan tambaya jikin Rabi?"

Ta ƙi taɓa ƙunshin. Ta ce abin da ya zo ba sallama, tsintuwa ce, ba saƙo ba. Injiniya ta bugo tana tambaya ko an karɓa. Na ce ta ɗan jira.

Na ɗauki ƙunshin na koma bakin zaure, na yi sallama, na shigo na durƙusa. Na ce Rabi na gaishe ta, cikinta ya tsufa, ƙafa ce ke ɗan kumbura. Shekaranjiya na gan ta, ba ƙarya na yi ba. Sannan Iya ta sa hannu biyu ta karɓa, ta miƙo mini ƙwaryar.

"Ka gaya wa Rabi ta riƙa ba ka saƙon. Wancan ba shi da tarbiyya."

Gida

Da la'asar na mayar da tamfol Kazaure. Injiniya ta ce gwaji ya yi kyau, za su fara bayan kaka. Ana kiran magariba na shiga Babura. Maiɗakina ta buɗe ƙwaryar, ƙwai huɗu sun fashe a ramukan hanya. Da jirgin ne ya ɗauko, ko ɗaya ba zai fasa ba, wannan na yarda.

Mun soya shidan. Na gode Allah da ya dawo da ni lafiya, na kuma gode wa Iya Dije. Ko kowa ya koma sama, ina da gida ɗaya da zan riƙa yi wa sallama.