Ranar da Aka Bar Kujerar Ɗana a Yamai

Lokacin da abin nan ya faru shekarata ashirin da bakwai, ina aikin jinya a wata likita, wato asibiti, a Yamai, a sashen da ake kawo waɗanda suka yi haɗarin mota. Ni haifaffiyar Tawa ce, mijina mutumin Barmu, ɗanmu ɗaya, bai cika shekara biyu ba. Ina da baki, ba zan ɓoye ba. Duk uwar da ta kawo mana yaron da ya bugu a mota sai ta sha faɗana kafin ta tafi, in ce da ita cinya ba ta riƙe yaro idan mota ta ci birki. Tun ɗana na wata huɗu na saya masa kujerar mota ta yara, mai maɗauri, ko kasuwa za mu sai na ɗaure shi a ciki. Maƙwabta na dariya wai na ɗaure yaro kamar ɗan akuya, ko kallo ba su ishe ni ba.

Da damina aka sa bikin ƙanwar mijina. Shi aiki ya riƙe shi, ya ce in yi gaba da yaro a jirgi zuwa Tawa, ƙanensa ya ɗauke mu a mota zuwa Barmu. Na naɗe kujerar da leda, na rubuta sunana a jiki, na miƙa ta tare da akwatina. Muka zauna tun hantsi har la'asar, sannan aka ce jirgi ya samu matsala, a dawo gobe, kaya kuma tun da sun shiga ciki ba a fito da su. Washegari jirgin da aka kawo ƙarami ne. Da muka sauka Tawa akwati ya fito, kujera shiru. Ma'aikacin da na tarar ya ba ni haƙuri, ya ce an bar manyan kaya a Yamai saboda nauyi, sai jirgi na gaba, nan da kwana uku. Na wanke shi tas a gaban mutane kamar shi ya tuƙo jirgin. Bawan Allah lambar wayata kawai ya rubuta.

Ina fitowa rai a ɓace sai na ga ba ƙanen mijina kaɗai ya zo ba. Inna, uwar mijina, ta biyo shi tun jiya, ta kwana gidan wata 'yar'uwarta a Tawa don ta tarbi jikan da rabonta da shi tun ranar suna. Na durƙusa na gaishe ta. Ta karɓe shi daga hannuna tana masa tsiya, wai ga angonta ya sauko daga sama bai zo mata da ko goro ba. Ta nufi gidan gaba na motar da shi, ta zauna, ta ɗora shi a cinya.

Nan nake so a fahimce ni, ba don a wanke ni ba. A wurinmu mace ba ta nuna damuwa da ɗan fari a gaban surukai. Ba ta kiran sunansa, in ya yi kuka kuma akwai babba a wurin ba ta rigan shi ɗauka, in an yabe shi sai ta kau da kai. Da ma kuma ana yi da ni a dangin mijina, wai 'yar boko ce mai ido a tsaye. Ina riƙe da ƙofar mota ina ganin mafita sarai. Gidan iyayena na cikin garin Tawa, biki saura kwana biyar, in na yi uku a can kujera ta iso. Akwai wata da muka yi karatu tare tana aiki a garin, na san tana da irin kujerar, waya ɗaya ta isa. Har na buɗe baki, sai ƙanen mijina ya ce cikin wasa yau dai sarki ya sauka daga karaga. Inna ta yi dariya ta ce ita ta goyi takwas ba ta taɓa yar da ko ɗaya ba. Na yi murmushi, na shiga baya, na ja ƙofa. Ni ɗin nan da yanzu na gama zazzaga wa ɗan mutane masifa a kan kujerar.

Ƙanen mijina ba gudu yake yi ba, ba zan ɗauki alhakinsa ba. An yi ruwa da safe, hanyar jar ƙasa ta yi santsi, yana tafe a hankali yana kauce wa ramuka. Mun wuce rabin hanya, gero ya yi tsawo dama da hagu ba a ganin abin da ke cikin gona, sai wani jaki ya faɗo hanya a guje. Ya taka birki, mota ta zame ta daki wani dutse a gefe. Mu manya ba wanda ya ji ciwon kirki, Inna ce kawai ta fasa leɓe. Yaro kuwa ya kuɓuce mata, kansa ya daki gilashin gaba. Bai yi kuka ba. Na san abin da rashin kukan yake nufi, aikina ne.

Muka juyo Tawa, daga nan aka wuce da mu Yamai a motar ɗaukar marasa lafiya, aka kwantar da shi a sashen da nake aiki. Cikin abokan aikina ba wanda ya tambaye ni ina kujerar, amma na ga tambayar a idonsu. Ran kwana na uku sai ga wayar ma'aikacin nan, da murnarsa, wai kayana sun iso in zo in ɗauka. Na kashe wayar.

Allah ya bar mana shi. Yanzu shekararsa bakwai. Hannunsa na dama ba ya ɗaguwa sosai, yana jan ƙafa, maganarsa sai ka natsu kake ganewa. Yaro ne mai fara'a, yana son lakkwal, wato makaranta, amma in sa'o'insa suna ƙwallo bakin ƙofa yake zama yana tafa musu a cinya da hannu ɗaya. Mijina bai taɓa ɗora mini laifi ba, ya ce ƙaddara ce. Na yarda da ƙaddara. Sai dai na san abin da na sani a ranar, kuma na yi shiru, wannan shi ke cin raina.

Inna ba ta ƙara ɗaukar jika ba. In an miƙo mata jariri sai ta ce hannunta na ciwo. Bara da na je gaishe ta muna mu biyu a ɗaki, ta tambaye ni ko gaskiya ne abin da ta ji, wai da ɗana yana cikin kujerar nan da ba abin da zai same shi. Na sunkuyar da kai, ta gane. Ta kira ni ɗiyarta, ta ce ita ba ta yi boko ba, ta ɗauka kujerar gayu ce irin ta mutanen birni. Ta ce da na faɗa mata sau ɗaya, da ta sauka ta yi ko kwana goma ne a Tawa tana jira. Ta tambaye ni me ya sa na bar ta ta ɗauki wannan nauyi da tsufanta. Kuka kawai muka yi.

Don haka nake rubuto wannan, ko wata za ta tsira da abin da ban tsira da shi ba. In za ku hau jirgi da yaro, ku tambaya ko za a bar muku kujerarsa a hannu har bakin jirgi. In ta maƙale a baya, kada ku kama hanya, ku jira ko ku ara. In babba ya ɗauki yaro ya nufi gidan gaba, ku durƙusa ku faɗa masa dalili da ladabi, manyanmu ba sa ƙin gaskiya in an gaya musu. Ban ce a yar da kunya ba, da ita aka rene mu. Amma in an ce ba ki da ita, maganar kwana biyu ce ta wuce. Ni har yau a Barmu ana yabon kunyata, kuma kullum da safe ni ke sa wa ɗana maɓallin riga, don hannunsa ba ya iyawa.