Mai Gyaran Keken da Aka Kora Daga Layinmu

Ranar Talata aka fasa kwaɗon rumfar Mai Kunne, aka watso masa kayan aiki a titi. Shugabannin ƙungiyarmu ta teloli ne suka sa, wai an yanke shawara ɗan wata ƙasa ba zai ƙara riƙe rumfa a layin ba. Takardunsa kuwa cikakku ne, na gani da idona.

Shekara sha tara yana gyara mana keken ɗinki. Ya tsallako da jaka ɗaya, ko gaisuwarmu bai iya ba. Mu muka laƙaba masa Mai Kunne, don ba ya kwance keke sai ya ce a taka, ya kara kunne a jikin ƙarfen, ya lumshe ido, sannan ya nuna inda ciwon yake. Yaya yake ce min, alhali ya girme ni. 'Ya'yansa uku nan aka haife su, babbar ajinsu ɗaya da autata.

Tun bara abin ya faro. A faɗa a rediyo cewa baƙi sun cinye aiki, a maimaita a mota, har matan da yake gyara wa keke suka koma yin ƙus-ƙus in ya shigo. Wane aikin ya cinye? Duk layin nan wa ya iya daidaita allura in ta fara tsallake zare?

Jiya na je gidansa, na tarar suna shirin barin garin. Katifu a naɗe, matarsa sai ɗaukar tukunya take tana ajiyewa. Shi ya kasa zama, daga ƙofa sai taga, waya a kunne. Ƙannensa biyu da suka shirya tahowa koyon aiki yake hanawa, yana cewa su nufi wata ƙasar, can an ce har yanzu ana amsa sallamar baƙo. Wai duk 'yan garinsu haka suke ta bugo wa juna yanzu.

Na roƙe shi ya ƙara ko mako ɗaya. Ya ce, "Yaya, kwaɗo ana sayen wani. Amma shekaranjiya 'yata ta tambaye ni ko mu ɓarayi ne."

Motarsu ranar Asabar za ta tashi. Shugaba, da kai da sakatarenka nake: ku je gidan nan kafin ranar, da ƙafarku ba aike ba, ku ba shi haƙuri a gaban 'ya'yansa, ku soke shawarar nan a rubuce. Wanda ya ga ba zai iya ba, ya sauka ya ba mu kujerarmu.