Kafson Yaya

Jim kaɗan bayan samun mulkin kai, ina malamin awon gyaɗa a Dutsin-Ma, ciwon daji ya kama yayata a nonon hagu. Tana aure a Rawayau. Ita ta goye ni bayan rasuwar mahaifiyarmu, don haka da wurin ya fashe ya fara wari cikin bazara, ni na kai ta asibiti Katsina.

Likitan ya yi mini bayani da Turanci, ina juya mata. Ya ce dajin ya yi nisa, ya wuce aiki. Amma zazzaɓin da mugunyar ba na dajin ba ne, ƙwayoyin cuta ne suka shiga mikin, kuma su suna da magani. Ya ba da kafso mai ja da rawaya, huɗu a yini, kwana goma ba fashi.

"Auta, tambaye shi ko zan kai kaka," in ji Yaya. 'Yarta ta fari tana da ƙaramin ciki, gida za ta zo haihuwa, Yaya kuma tana so ita za ta yi mata wankan jego. Likitan ya ce in an tsare mikin, yana sa rai.

Cikin kwana uku zazzaɓi ya sauka, warin ya ragu, har ta fito tsakar gida tana tsince wake. Labari ya zaga gari cewa an samo maganin Turawa mai ƙarfi. Yaya kuwa ba a zuwa wurinta a fita hannu banza. Da lafiyarta, daddawa ko kuka take ƙulla wa baƙo. Yanzu abin da take da shi kafso ne.

Ranar Juma'a na hau keke na je dubiya. A zaure na yi kiciɓis da wata tsohuwa tana ƙulle ja da rawaya guda biyu a bakin zane.

Na shiga wurin Yaya na ce, "Yaya, naki ne fa, ke kaɗai."

"Jikanta ke gudawa. In ce mata me? Ba ni da shi, alhali tana kallon kwalbar?"

"Likita ya ce kwana goma."

"Likitanka ya ga na tashi? Kai dai tun da ka iya yaren nasara ka fi shi tsoro."

Na yi dariya. Har yau dariyar nan tana damuna. Ɗaya take sha da safe, sauran na mutane ne, ni kuma na bar zancen don na ga ta samu sauƙi.

Da ruwa ya sauka zazzaɓin ya dawo. Na samo irin kafson wurin wani mai tebur a kasuwar Kurfi. Wannan karon sai da ya yi mako kafin ya lafa. Karo na uku ta sha huɗu a yini, ina zaune ina kallo, kamar tana haɗiyar tsaba. Muka koma Katsina. Aka ɗebi mugunyar aka auna, likitan ya ce ƙwayoyin cutar sun saba da maganin, ba ya kashe su. Aka koma allura, ita ma ba ta yi wani tasiri ba.

Daga baya na yi yawo. Na ga kafson nan a faranti a Kumasi da Abijan, ana sayar da shi ɗaya-ɗaya kamar goro. A Khartum wani likita ya faɗa mini da Larabci cewa rabin magani raunanan ƙwayoyi yake kashewa, ya bar wa masu taurin kai fili, jikin mai daji kuma ba shi da ƙarfin gamawa da su. Ya ƙara da cewa wataƙila ma ba rabon da ta yi ba ne, ana iya ɗaukar irinsu a ko'ina. Ina jin don ya sanyaya mini rai ya faɗa.

A waccan daminar dai, na mayar da Yaya Rawayau don ta ce ba za ta mutu a gadon ƙarfe ba. Ta sa aka tara mata itacen wanka a bayan ɗaki, aka wanke babbar tukunya, tana kwance tana ba da umarni. Ta rasu gero yana fidda kai, Allah ya jiƙanta. Bayan mako biyar 'yar ta haifi namiji. Ƙanwar mahaifinta ce ta hura wutar.