Marhun da Dabinon Masallacin Tsibiri

Duk garin Sur na bakin teku babu mai ƙarni kamar Marhun ɗan baffanmu. Man kifin da yake shafa wa jirginsa na katako ya bi jikinsa, har magen unguwa ke raka shi masallaci. Shi ko a jikinsa, tunda nahoda ne, shugaban jirgi, kamar ubansa da kakansa.

Kakan nan ne ya gina masallaci a wani ɗan tsibiri can gaɓar Afirka, ya koya wa mutanen wurin alwala. Ya kuma yi alkawarin duk shekara, in iskar arewa ta taso, gidansa zai kai musu dabinon buɗa-baki. Shekara saba'in ba a fasa ba. Tsoron Marhun ɗaya ne tak, kada a ce a hannunsa abin ya yanke.

Sai aka haƙo mai a maƙwabta. Matuƙansa suka sulale ɗaya bayan ɗaya, suka tafi aikin kamfani. Gungumen da ke ɗauke da ƙyallen da iska ke tura jirgin da shi kuwa, sai ƙarti goma sha huɗu ke iya ɗaga shi.

Matarsa Zuwaina ta ce, "Baban Talib, ka sa inji mana kamar kowa."

Ya ce, "Jirgin kakana bai taɓa shan taba ba, ba zai fara da tsufansa ba."

Ya loda dabino, ya tattaro tsofaffi bakwai waɗanda in aka haɗa haƙoransu ba za su cika baki ɗaya ba. Suka kama igiya suna waƙa. Gungumen ya kai rabi ya cije.

"Ja mana, Nasib, uban ragwaye!"

"Nahoda, wallahi bayana ya riga ni ritaya," in ji Nasib, tsohon makaɗin jirgin, ya saki.

Gungumen ya faɗo. Ba wanda ya yi dariya. Marhun ya shafe wata biyu yana bin gida-gida neman hannu, manyan jiragen mai na gittawa can nesa, babu ruwansu da iska. Ranar da iskar ta juya, ya lashi yatsa ya ɗaga sama, ya daɗe a tsaye, sannan ya ce a raba dabinon a unguwa.

Bayan shekara wani falke ya iso daga tsibirin. Yana ganin Marhun a bakin ruwa ya ja da baya yana salati. Ashe da iska ta wuce ba su ga jirgi ba, limaminsu ya ce mutuwa kaɗai ke hana ɗan gidan nan zuwa. Suka yi sahu, maza har waje, suka yi masa sallar gawa.

Falken ya ce, "Bari in koma in gaya musu kana nan da ranka!"

Marhun ya riƙe masa hannun riga.

"Ɗan'uwa, don Allah bar su a haka."